Lafiya Uwar Jiki: Ɗinkin da Ba a Gani

Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wata uwargida, wadda ta roƙe mu kada mu ambaci sunanta ko garinta. Ta ce maigidanta ya yi ƙiba ƙwarai, nauyinsa ya kai kilo 120, ga ciwon sukari, ga hawan jini, gwiwoyinsa kuma sun fara ƙin ɗaukarsa. Ya yi ta fama da rage abinci da shan magani shekara da shekaru, abin bai yi ba. Yanzu likita ya ba shi shawarar aikin fiɗa na rage tumbi, 'yan'uwa suna ta haɗa kuɗi domin a kai shi ƙasar waje, har ana maganar sayar da fili. Asibitoci biyu sun aiko musu da takardu. Ɗaya ya ce da hannu su ke ɗinke mahaɗar tumbi da hanji, ɗayan kuwa ya ce da na'ura. Tambayarta ita ce: wanne ya fi, wanne ne kuma ba zai kashe mata miji ba?

Uwargida, kin yi tambaya mai kyau, matambayi kuwa ba ya ɓata. Za mu amsa miki a fili, gama mun san akwai waɗansu gidaje da su ke cikin irin wannan tunani. Amma ki riƙe wannan tun daga farko: abin da za mu faɗa domin ya taimake ki yin magana da likita ne, ba zai tsaya a madadin likitan ba.

Mu fara da wanda aikin ya dace da shi. Likitoci suna da wani lissafi mai sauƙi. A ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. Idan mai kilo 120 tsawonsa mita 1.70 ne, amsar ta haura 41 kaɗan. Wanda lissafinsa ya kai 30, shi a ke ce wa mai ƙibar da ta zama cuta. A 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ce a yi wa mutum fiɗa idan ya kai 40, ko kuwa 35 in yana da wata cuta irin su ciwon sukari. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ma'aunin zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Abin kuwa ya yaɗu a duniya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 yana fama da ƙiba irin wannan.

Sunan aikin a bakin likitoci shi ne baifas, watau irin hanyar nan da a ke yi wa motoci su kewaye gari ba tare da sun shiga cikinsa ba. Ga yadda a ke yinsa. Tumbin babban mutum ya kan ɗauki lita guda ko fiye. Likita zai yanke ɗan samansa, ya mai da shi 'yar jaka wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, misalin mililita 30. Sauran tumbin ba a cire shi, yana nan yana fid da ruwansa, sai dai abinci ba ya ƙara bi ta cikinsa. Sa'an nan a yanke ƙaramin hanji, a jawo bakinsa na ƙasa zuwa sama, a haɗa shi da 'yar jakar. Bakin na sama kuwa, wanda ke kawo ruwan matsarmama da sauran ruwan narkar da abinci, sai a haɗa shi da hanjin a can ƙasa, misalin mita 1 zuwa 1.5 daga mahaɗar farko. Mutum ya ci loma kaɗan ya ƙoshi, kuma sinadaran da hanji ke fitarwa masu sa ƙoshi da daidaita sukari su kan ƙaru. Shi ya sa waɗansu masu ciwon sukari su kan ga sauƙi tun kafin jikinsu ya zube. Yawanci mutum ya kan sauke kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa.

Wani likita mai suna Edward Mason, na Jami'ar Ayowa a Amurka, shi ya fara wannan aiki a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki su kan rame. A 1977 Ward Griffen ya gyara tsarin, ya ari wani salon haɗa hanji mai siffar harafin Y wanda César Roux, mutumin Suwizalan, ya fito da shi cikin shekarun 1890. A 1993 kuma Alan Wittgrove, a jihar Kalifoniya, ya yi aikin ba tare da tsaga ciki ba. Ya huda 'yan ƙananan ƙofofi, ya zura kyamara da dogayen kayan aiki. A yau kusan kullum haka a ke yinsa.

To, kin ga mahaɗa biyu ke nan. Wadda ta fi ba likitoci tsoro ita ce ta sama, tsakanin 'yar jakar da hanji, kuma a kanta takardun da aka aiko muku su ke magana. Tela in ya yi kuskure, sai a farke a sake. Wannan ɗinki kuwa a cikin ciki ya ke, ba wanda zai gan shi, kuma dole ya riƙe ruwa tun daren farko. Dole kuma ƙofar ta fito daidai: in ta matse abinci ba zai wuce ba, in ta yi fāɗi da yawa mutum ba zai daɗe da ƙoshi ba.

Hanya uku a ke bi wajen haɗa ta.

Ta farko ita ce ɗinkin hannu, da allura da zare. Likita ya kan zura wani tiyo ta baki domin ya zama ma'aunin faɗin ƙofar, ya ɗinke kewayensa layi ɗaya ko biyu, da zaren da ya kan narke da kansa bayan 'yan watanni. Kelvin Higa, shi ma na Kalifoniya, yana cikin waɗanda suka nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa ana iya wannan ɗinki ta 'yan ƙananan ƙofofin nan. Kayan aikinsa sun fi araha, amma koyonsa ya fi wuya, gama likitan yana kallon allo ne, hannunsa yana waje, allurar tana can ƙarshen sanda mai tsawo.

Sauran biyun da na'ura a ke yi, 'yar'uwar abin nan da a ke maƙale takardu da shi a ofis. Wani likitan ƙasar Hangare, Hümér Hültl, shi ya fara amfani da irinta a 1908, nauyinta kuwa ya fi kilo 3. Rashawa suka inganta ta cikin shekarun 1950. A 1958 wani likitan Amurka, Mark Ravitch, ya ziyarci Tarayyar Sobiyet, ya ga ana aiki da ita, ya komo gida da guda. Daga nan ta bazu. Na'urorin yau suna harba 'yan ƙananan wayoyi na ƙarfen taitaniyam, waɗanda ba sa tsatsa, kuma su kan zauna a jiki har ƙarshen rai.

Hanya ta biyu ita ce na'ura mai zobe. Tana da kai da gangar jiki. A kan saukar da kan cikin 'yar jakar, sau da yawa ta baki, gangar jikin kuma a shigar da ita ta bangon ciki zuwa cikin hanji. In aka haɗa su aka danna, sai ta harba wayoyi a zagaye, wata wuƙa mai zobe ta yanke tsakiya. Faɗin zoben ya kan zama milimita 21 ko 25. Kyanta shi ne ƙofar ta kan fito iri ɗaya kowane lokaci, koyonta kuma ya fi sauƙi.

Hanya ta uku ita ce na'ura mai miƙaƙƙen baki, kamar bakin kada. A sa leɓe ɗaya cikin 'yar jakar, ɗayan cikin hanji, a matse. Sai ta jera wayoyi dama da hagu, wuƙa ta bi ta tsakaninsu. Ɗan ramin da ya rage inda aka shigar da ita, yawanci da zare a ke rufe shi.

Kowace hanya aka bi, likitoci da yawa su kan gwada ɗinkin kafin su rufe. Su kan zuba ruwa mai launin shuɗi ta tiyo, ko kuwa su hura iska alhali mahaɗar tana nutse cikin ruwa, daidai yadda mai faci ke tsoma tayar keke ya duba inda kumfa zai fito.

Yanzu ga matsalolin. Mafi muni ita ce yoyo, watau ɗinkin ya buɗe, ruwan tumbi ya zuba cikin ciki ya kawo ruɓa. A asibitocin da suka ƙware, ya kan faru ga misalin mutum 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, yawanci cikin kwanakin farko. Alamar da ta fi saurin bayyana ita ce bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya ya ƙi sauka, tare da haki, ko zazzaɓi, ko ciwo a kafaɗar hagu. Mai ƙiba yana iya yin yoyo cikinsa bai yi tauri ba, don haka kada mai jinya ya jira sai ciwon ciki ya tsananta. Wanda aka gane da wuri ya kan tsira. Wanda aka yi wa jinkiri, ransa yana cikin hatsari.

Ta biyu ita ce zubar jini daga layin ɗinkin, wadda ta kan fito da aman jini ko baƙin bayan gida. Ta uku ita ce tsukewa. Tabon ɗinkin ya takura, ƙofar ta matse, bayan 'yan makonni mutum ya ga abinci yana tsaya masa, yana ta amai. Ana gyara wannan ba tare da sabuwar fiɗa ba: a zura tiyo mai kyamara ta baki, a hura ɗan balan-balan a buɗe ƙofar, wani lokaci sai an maimaita. Ta huɗu ita ce gyambo a bakin mahaɗar. Ta biyar ita ce ruɓar ƙofar da aka huda a fata.

In aka jera hanyoyin uku a kan waɗannan matsaloli, me a ke gani? Likitocin jihar Mishigan ta Amurka sun tara labarin kusan mutum 10,000, suka buga a 2011. Sun tarar yoyo bai bambanta ba tsakanin hanyoyin uku, amma na'ura mai zobe ta fi kawo zubar jini da ruɓar fata. Dalilin ruɓar ba shi da wuyar ganewa: sai an faɗaɗa ƙofa guda kafin na'urar ta shiga, kuma bayan ta shiga hanji ta ɗebo ƙwayoyin cuta, ta wannan ƙofa a ke zaro ta. Shi ya sa masu amfani da ita a yau su kan sa mata rigar leda. A ƙasar Suwidin, inda suka buɗe rajistar irin wannan fiɗa a 2007, an duba fiye da mutum 30,000 aka buga a 2015. A can, mai zobe ta fi ɗaukar lokaci, ta fi kawo jini da ruɓar fata, har da yoyo. Sai dai mu tuna yawancin likitocin Suwidin da mai miƙaƙƙen baki suka saba. Game da tsukewa kuwa, an sha gani cewa zoben milimita 21 ya fi na 25 kawo ta. Wajen rage nauyi, wanda shi ne dalilin aikin tun farko, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Ashe ke nan ɗinkin hannu da na'ura mai miƙaƙƙen baki sun ɗan fi mai zobe ta wajen jini da ruɓar fata, amma dukansu ukun hanyoyi ne karɓaɓɓu, ana kuma aiki da su a manyan asibitoci. Bambancin da ya fi girma a wani wuri ya ke.

A 2013 John Birkmeyer da abokan aikinsa, su ma a Mishigan, suka yi wani gwaji. Likitoci 20 kowa ya ba da hoton bidiyo na aikin baifas da ya yi da hannunsa. Aka ɓoye sunayensu, aka ba waɗansu likitoci su kalla su ba da maki, kamar yadda a ke duba takardun jarrabawa. Sa'an nan aka bi labarin marasa lafiya fiye da 10,000 da waɗannan likitoci suka yi wa aiki. Likitocin da suka sami maki mafi yawa, kashi 5.2 cikin 100 na marasa lafiyarsu ne suka sami matsala. Na ƙasa kuwa, kashi 14.5. Na sama su kan gama cikin minti 98, na ƙasa cikin minti 137. Mutuwa ma, ko da ya ke kaɗan ce a kowane ɓangare, ta ninka misalin sau 5 a hannun na ƙasa. Ki duba wannan tazara, ki gwada ta da ɗan bambancin da ke tsakanin zare da na'ura. Keke ɗaya a ke sayar wa teloli duka, amma kowa ya san ƙofar da ya ke kai yadin sallarsa ko na Kirsimeti.

Saboda haka, Uwargida, ga tambayoyin da za ku aika wa asibitocin nan biyu, ku kuma nemi amsa a rubuce. Wane likita ne zai yi aikin da hannunsa? Baifas nawa ya yi, nawa ya kan yi a shekara? Wace hanyar haɗi ya saba da ita, shekara nawa yana binta? Cikin marasa lafiyarsa nawa suka yi yoyo, nawa aka mayar ɗakin fiɗa? Akwai ɗakin kulawa na musamman, da likitan da za a samu da tsakar dare? Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce muku bai taɓa samun matsala ba, ku yi hankali da shi. Kada kuma ku matsa wa likita ya bar hanyar da hannunsa ya saba domin wadda kuka karanta a nan.

Ku ƙara da wannan: yana rufe ramukan tantanin hanji? In aka yanke hanji aka jawo shi sama, a kan bar waɗansu gurabe cikin tantanin da ke riƙe da shi. Bayan watanni ko shekaru, sa'ad da kitse ya narke, hanji yana iya kutsawa ta wurin ya murɗe, jini ya daina kai masa. A 2016 likitocin Suwidin suka buga gwajin da suka yi da mutum wajen 2,500, suka nuna cewa ɗinke waɗannan gurabe ya rage komawa fiɗa saboda ƙullewar hanji da kusan rabi.

Sauran maganar ta bayan dawowa gida ce, ita ce kuwa ta fi damunmu. Mutanenmu su kan tafi Indiya, ko Masar, ko Turkiyya, a yi aiki lafiya, su dawo inda ba wanda ya san abin da aka yi musu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku sayi tikiti, ku sami likita a gida wanda ya yarda zai ci gaba da duba shi, ku san asibiti mafi kusa da ke da tiyo mai kyamara. Kada ku yi gaggawar hawa jirgi, gama yoyo a kwanakin farko ya ke zuwa, doguwar tafiya a zaune kuma tana sa jini ya daskare a ƙafa. Ku karɓo cikakken rahoton aikin, wanda ya faɗi irin haɗin da aka yi da tsawon hanjin da aka kewaye, ku ajiye shi kamar takardar fili. Cikin kuɗin da a ke tarawa, ku ware wani abu domin matsalar da ba a zata ba.

Akwai kuma abin da ke hannun maigidan da kansa, wanda ba ɗinkin da zai tsare shi daga gare shi. Taba tana hana mahaɗa warkewa, tana kawo gyambo, dole a bar ta tun makonni kafin aikin, a bar ta har abada. Magungunan ciwon jiki da a ke saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su asfirin, da ibuprofen, da diclofenac, suna cin bakin ɗinkin, har su huda shi. Mai ciwon gwiwa ya fi kowa sabawa da su, don haka ki sa ido, ki kuma faɗa wa mai kemis. Giya ta kan bugar da wanda aka yi wa baifas da sauri fiye da dā, waɗansu kuma ta kan zame musu jaraba. Lemon kwalba da kunu ko fura mai sukari da yawa su kan faɗa hanji gaba ɗaya, su kawo jiri, da gumi, da bugun zuciya, da zawo. Abinci zai zama loma kaɗan, a tauna sosai, a fara da nama ko kifi ko wake ko ƙwai kafin tuwo, ruwa kuma a sha shi tsakanin cin abinci.

Tun da abinci ya daina bi ta inda jiki ya fi tsotse waɗansu sinadarai, zai sha bitamin har iyakar ransa: B12, da maganin ƙarin jini, da kalsiyam, da bitamin D, tare da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku lissafa kuɗin wannan ma tun yanzu. In ya yi ta amai kwana da kwanaki, a kai shi asibiti, gama ƙarancin bitamin B1 yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi cikin 'yan makonni. In ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, ko bayan shekara 5 ne, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a gaya wa likita nan da nan cewa an taɓa yi masa baifas. Mata masu karatu kuma su sani, a kan ce wadda aka yi wa wannan aiki ta dakata wata 12 zuwa 18 kafin ta ɗauki ciki.

Kada duk wannan ya tsorata ki fiye da kima. A hannun gwani, mutuwa daga aikin ba ta wuce mutum 1 ko 2 cikin 1,000 ba. Zama da ƙibar da ciwon sukari shi ma yana da nasa hatsari: wani dogon bincike da aka fara a Suwidin a 1987 ya nuna a 2007 cewa waɗanda aka yi wa fiɗar rage ƙiba sun fi waɗanda ba a yi wa ba tsawon rai. Yana da kyau kuma ku tambayi likitanku game da sauran hanyoyi. Akwai aikin da a ke yanke gefen tumbi a bar shi siriri kamar ayaba, wanda ba shi da mahaɗa ko ɗaya, ko da ya ke yana iya ƙara ƙwannafi. Akwai kuma allurar semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita domin rage ƙiba a 2021, sai dai tana da tsada, nauyin kuma ya kan dawo in aka daina.

Uwargida, ki zauna da maigida da 'yan'uwansa ku karanta wannan tare, ku rubuta tambayoyinku, ku aika. Kada a sayar da filin sai amsoshin sun zo, an kuma sami likitan gida. Muna yi masa fatan sauƙi, ke kuma muna yi miki sannu da ɗawainiya. Ki rubuto mana yadda ta kasance.

Sai wata mai zuwa.